"Hanyar jirgi daban, ta mota daban": wane ne jirgin?

Maman Hanan: Salamu alaikum. Ku warware mini wata karin magana don Allah. Wani yaro makaniki ya shekara biyu yana zuwa zance wajen ƙanwata, ita kuma bana ta gama digiri. Da maganar ta je gaban kawunmu, ko ɗago kai bai yi ba, ya ce, "Hanyar jirgi daban, ta mota daban." Tun jiya yarinya take ɗaki, ko tuwo ta ƙi ci. Ni a sanina ana faɗin haka ne idan an haɗa zance biyu da ba su da dangantaka. Yaushe ta koma ta ƙasƙanci?

Malamin Hausa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Fahimtarki daidai ce. Aikinta raba abin da aka cakuɗa. Ka bi mutum bashi, ya fara kawo maka cewa kakarku ɗaya, sai ka ce masa hanyar jirgi daban ta mota daban. Ba ta ce wani ya fi wani ba. Kuma maganar sabuwa ce a cikin karin magana, tunda sai a 1911 layin dogo ya iso Kano daga Baro. Kafin nan in Bahaushe ya ce jirgi, na ruwa yake nufi, shi ya sa da wannan ya zo aka liƙa masa "ƙasa".

Ɗan Maraɗi: Malam, a yi mini afuwa, ban yarda ba. Ka taɓa jin wanda ya faɗe ta yana ɗaukar kansa a matsayin mota? Kullum mai maganar shi ne jirgi. Iyayenmu sun ga jirgi yana kwashe dalar gyaɗa ta Kano zuwa Ikko, lokacin da motar ɗaukar kaya ba ta fi a ƙirga ba. Girman nan yana cikin maganar ko ba a furta ba. Mu da muke zaman jiran layin Kano zuwa Maraɗi mun san darajar jirgi.

Malamin Hausa: Wannan halin mai magana ne, ba laifin maganar ba. Wuƙa ma ana yanka albasa da ita.

Tsohon Reluwe: Ku bari tsoho ya sa baki. A Zariya na kama aiki, a Kafanchan na yi ritaya. Duk wanda ya ƙirƙiri maganar nan fasinja ne, bai yi aikin ba. Hanyoyin nan biyu suna haɗuwa, kuma a mahaɗar ake mutuwa.

Wata rana da asuba, lokacin hunturu, wata babbar mota ɗauke da albasa ta mutu a daidai inda titi ya ratsa layi. Direbanmu ya hango ta cikin hazo, ya danna oda, ya ja birki iya ƙarfinsa. Amma ƙarfe ne a kan ƙarfe, ga taragu shaƙe da kaya suna turo shi ta baya. Jirgi sai ya ci ɗaruruwan mitoci kafin ya tsaya. Direban motar da yaransa suka dira suka tsira da rai. Albasa kuwa har cikin gonakin mutane, sati guda wurin yana wari. Abin da ban manta ba, direbanmu ya sauko hannunsa yana rawa, mutanen gari suna zaginsa wai me ya sa bai kauce ba.

Ya kauce zuwa ina? Jirgi ba shi da sitiyari, 'ya'yana. Gaba, baya, birki, shi ke nan. Inda zai nufa yana hannun wani ma'aikaci da ba wanda ya san sunansa, mai juya layi. A Kafanchan, wadda ta zama mahaɗa tun 1927, ƙarfen da wannan mutumin zai ja shi ke raba mai zuwa Fatakwal da mai zuwa Kaduna. Don haka in an kira ka jirgi kada ka yi saurin murna. An ce maka babba ne, an kuma ce ba ka da ikon juyawa.

Ɗan Maraɗi: Allah ya ƙara girma, Baba. To ai ka ba ni gaskiya ta wata fuskar, tunda mota ce take tsayawa jirgi ya wuce.

Tsohon Reluwe: Tana tsayawa ne don ita ce take iya tsayawa.

Gona Ta Tafi: Baba ya sosa mini inda yake mini ƙaiƙayi. Shari'ar gonar gadonmu haka ta kasance. Mun kai shaidu uku, dattawa, ɗaya da sanda aka riƙo shi. Ba a yi minti goma ana sauraronsu ba. Duk abin da muka ɗaga sai a ce ba lokacinsa ba ne, da lokacin ya zo aka ce ya wuce. Na daɗe ina tsine wa mai yanke hukuncin. Yanzu na gane tun kafin mu shiga zauren an riga an juya layi, shi dai ya biyo ƙarfe ne. Har yau ban san hannun da ya juya ba.

Malamin Hausa: Allah ya bi muku hakkinku. Amma kada mu wanke alƙali da wannan misalin. Direban jirgi ba shi da zaɓi, alƙali yana da shi, kuma za a tambaye shi. In ya bi layin da aka shimfiɗa masa, jirgi ɗaya ne ya kwaso shi da mai shimfiɗawar.

Autan Rigasa: Ni abin dariyar ma, ko jirage ba hanyarsu ɗaya ba. Na Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016 faɗin layinsa milimita 1,435 ne, tsohon na Turawa kuwa 1,067. Wannan ba ya hawa na wancan. A faɗa wa kawu, ko ɗan digiri ya kawo mata, ba lallai ƙafafunsu su hau layi ɗaya ba.

Maman Hanan: Auta, ka sa ni dariya ban shirya ba. Yaron nan shi ya riƙa kai ta jarrabawa a kan babur, ya zauna a bakin ƙofa har ta fito. Wannan kawu bai sani ba, bai kuma tambaya ba.

Tsohon Reluwe: 'Yata, kin tsaya kina rigima da direba. Wane ne waliyyinta? Mahaifinku yana raye?

Maman Hanan: Yana raye, Baba. Kawu yayansa ne, shi ya sa ya yi shiru a gabansa. Bayan sallar isha'i yakan zauna shi kaɗai da rediyonsa, zan shiga in same shi.