Dafa jatan lande da ƙaguwa a tukunya ɗaya irin na kudancin ƙasar Amurka: ta yaya ake jera su?

Maman Hafsat, Nima:

Assalamu alaikum. Ƙanen maigidana zai dawo daga Amurka a wata mai zuwa, kuma ya roƙi a shirya wa dangi irin dafuwar da ya saba ci a jihar Luwiziyana, wadda ake haɗa jatan lande da ƙaguwa da masara da dankalin turawa a tukunya guda, sannan a juye su a kan tebur kowa ya ci da hannu. Za mu kai mutum 15. Ina neman shawarar waɗanda suka taɓa yi game da yawan kayan da zan saya da yadda ake jera su a wuta, domin ina tsoron wani ya dagargaje alhali wani bai nuna ba.

Hajiyan Madina:

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Sirrin abin yana cikin ruwan da kuma lokacin saka kowane abu. Ki sami tukunyar biki ki zuba ruwa ya wuce rabi kaɗan, ki sa gishiri fiye da yadda za ki sa a miya, domin ruwan ne yake ratsa ɓawo ya kai ga tsoka, kuma ba shan sa za a yi ba. Ki ƙara garin barkono, albasa da lemun tsami da aka raba biyu, da tafarnuwa dunƙule, su tafasa tare kamar minti 15 kafin komai ya shiga. Su can suna amfani da haɗin da ake sayarwa, kamar Zatarain's ko Old Bay, amma masoro da kanumfari da citta sun wadatar da ni.

Dankali ne yake fara shiga. A girkin Amurka masara tana bin baya saboda tasu mai zaƙi ce mai laushi, amma tamu ta kasuwa ta fi tauri, don haka ki gutsuttsura ta ki saka tare da dankalin. Bayan minti 15 sai ƙaguwa, ita ma ta sami kamar minti 12 har ɓawonta ya yi ja. Jatan lande ne na ƙarshe, da ɓawonsa, kuma minti 3 ya ishe shi. Da zarar ya lanƙwashe ya canza launi ki kashe wuta. Idan ya daɗe yakan yi tauri ya manne wa ɓawo, kuɗinki kuma ya tafi a banza. Kwatan kilo na jatan lande ga kowane mutum ya isa, wato kusan kilo 4, da ƙaguwa bibbiyu.

Malam Sani, Tema:

Hajiya ta gama magana a kan wuta, ni kuwa zan yi a kan saye. Ki je kasuwar kifi ta tashar jiragen ruwa ta Tema, kusa da Accra, da sassafe a ranar girkin, kuma kada ki karɓi ƙaguwar da ba ta motsi, domin tana saurin lalacewa bayan ta mutu. Jatan lande kuma ki shinshina shi, ki duba kada kansa ya yi baƙi, sannan ki tafi da akwatin sanyi (kula) da ƙanƙara saboda cunkoson hanyar dawowa. Wani abin lura shi ne sosej ɗin da suke sakawa a Luwiziyana yawanci na naman alade ne, saboda haka ki nemi na shanu ko na kaza wanda kika amince da yankansa, ya shiga tare da ƙaguwa.

Maman Hafsat, Nima:

Allah ya saka da alheri. Hajiya, shin ana juyewa ne nan take bayan kashe wuta?

Hajiyan Madina:

A'a, ki zuba ƙanƙara kaɗan a tukunyar don dahuwar ta tsaya, ki bar su su jiƙa minti 10 yaji ya shige su, sannan ki tsame. Ki narkar da bota da tafarnuwa a gefe, ki ajiye shito, wato soyayyen yajin Ghana, ga masu son ƙarin zafi, kuma ki tambayi baƙin tun da wuri ko akwai wanda jikinsa ba ya karɓar jatan lande, a dafa masa nasa dankalin da masarar a wata tukunya dabam.