Wai Rick Wakeman ɗan amshi ne?

Mai Fiyano: Jama'a yau raina a ɓace yake. Na haɗa wa wani mawaƙi kiɗa tun daga tushe, waƙa ta fito, har mai riƙe fitila an sa sunansa, ni ko oho. Kuma abin ba a nan ya tsaya ba. Ku dubi Rick Wakeman na Ingila. Shi ya buga fiyanon "Morning Has Broken" ta Cat Stevens a 1971, wanda da ka ji shi ka gane waƙar tun ba a buɗe baki ba, amma ba a sa sunansa a jikin faifan ba. Da bakinsa ya ce fam 10 aka yi jinga da shi. Mai fiyano ko a Landan ɗan amshi ne, mawaƙi ke kwashe suna.

Kawu Mai Faifai: Kai yaro, wa ka kira ɗan amshi? Mutumin da faifansa na kansa, Journey to the Centre of the Earth, ya hau lamba ɗaya a Birtaniya a 1974? A zauren Royal Festival Hall aka ɗauka, da makaɗan London Symphony Orchestra a bayansa. Su waye 'yan amshin a ranar?

Mai Fiyano: Kawu, ranka ya daɗe, ba nufina ke nan ba. Maganar sa suna nake yi.

Kawu Mai Faifai: To ka janye kalmar tukuna.

Ɗan Birni: Ni abin da ya dame ni daban. Tun yaushe ɗan amshi ya zama zagi? Cire 'yan amshi daga waƙar Shata ka ga abin da zai rage. Kawu, kai ne ka raina su, shi ya sa ka fusata.

Kawu Mai Faifai: Ban raina kowa ba. Ɗan amshi maimaita abin da aka ba shi yake yi. Wakeman kuwa ya shiga makarantar kiɗa ta Royal College of Music, ya baro ta don aikin situdiyo ya yi masa yawa. Shi ya buga wa mawaƙi David Bowie Mellotron, wani abin kiɗa mai maɓallai kamar fiyano, a "Space Oddity" a 1969, ya dawo ya yi masa fiyano a "Life on Mars?". Wannan ƙira yake yi, ba amshi ba.

Yaya Babba: To ai kun zo wurin. Aikin situdiyo ƙodago ne. A kira ka, ka buga, a biya ka, ka kama gabanka. Ɗan ƙodago ya kamata a ce.

Kawu Mai Faifai: Inna lillahi. Daga ɗan amshi an koma ɗan ƙodago.

Hajiya Ta Kudu: Ni dai ku cire sunan Yusuf Islam, wato Cat Stevens ɗin da kuke faɗa, daga wannan hayaniya. Bawan Allah ya musulunta tun 1977, ya gina makarantu a Landan, ku kuna nan kuna tono masa fam goma.

Mai Fiyano: Hajiya, ba wanda ya zage shi fa.

Hajiya Ta Kudu: Ka ce an cinye wa mutum suna. Wa ya cinye, in ba shi kake nufi ba?

Ɗan Birni: Hajiya ki yi haƙuri, ita waƙar ma ba Cat Stevens ya rubuta ba. Tsohuwar waƙar coci ce, wata Baturiya Eleanor Farjeon ta rubuta baitocin a 1931. In ana neman ɗan amshi a wannan faifai, to a sake lissafi.

Hajiya Ta Kudu: Kai dama kowace muhawara sai ka nemo inda za ka soki mutumin kirki. Haka ka yi wancan makon.

Ɗan Birni: Wancan makon maganar kuɗin data muka yi, Hajiya.

Na Emerson: Duk kuna ɓata bakinku. Wakeman alkyabba mai ƙyalƙyali ce ta ɗaga shi. In ana maganar mai yatsu a Ingila, Keith Emerson ake nufi. Mutumin da ya riƙa soka wuƙa tsakanin maɓallan Hammond, abin kiɗa mai kama da fiyano, don sauti ya tsaya. Naku kuwa ya kai labarin Sarki Arthur filin ƙanƙara a Wembley a 1975, mutane na zamiya yana kiɗa, aka tashi da asara.

Kawu Mai Faifai: Asarar kuɗinsa ce ko ta ubanka? Kuma soka wuƙa kiɗa ne ko fawa?

Na Emerson: Kawu, an kai ga iyaye ke nan?

Shugaban Zaure: A kiyaye harshe don Allah.

Yaya Babba: Ku bar ni in ƙarasa tawa. Wakeman ya shiga ƙungiyar makaɗa ta Yes a 1971, ya fita a 1974 don faifan Tales from Topographic Oceans ya gundure shi, har ya ci abinci a kan dandamali a Manchester ana tsakiyar wasa. Ya dawo, ya fita, ya dawo, ya fita. Wanda gida nasa ne ba ya haka.

Kawu Mai Faifai: Wanda ake bi ana lallashi ne ke haka. Da aka karrama Yes a Rock and Roll Hall of Fame a 2017 ai yana cikin waɗanda aka kira.

Mai Fiyano: Jama'a ni fa tambayata ita ce, ya zan yi a riƙa sa sunana?

Ɗan Birni: Ka sayi alkyabba.

Hajiya Ta Kudu: Ni har yanzu ba a ba ni haƙuri ba.

Shugaban Zaure: To, dare ya yi, ga abin da aka cimma. Akasarin jama'a sun yarda cewa Wakeman ya iya kiɗa daidai gwargwado amma bai kama ƙafar marigayi Emerson ba, kamar yadda ɗan'uwa ya kawo hujja mai ƙarfi. Kawu ya ɗauki zafi ba dalili, muna jiran ya janye maganar iyaye. Batun ɗan amshi an bar shi haka nan. Shi kuma Mai Fiyano, mu da muke waƙa mun san murya ake saye, ya yi haƙuri ya karɓi kuɗin aikinsa.

Kawu Mai Faifai: Wane akasari? Mutum ɗaya ne ya faɗa, kuma ƙaninka ne.