Littattafan yaƙi da malamai suka zaɓa don hutu

A zaman da malaman wata sakandare suka yi a gindin darbejiya a wani ƙauye kusa da Ringim, ana gab da hutun ƙarshen zango, shawara ta fi karkata ga yaƙin basasar Nijeriya na 1967 zuwa 1970. Malamin tarihi ya ce a fara da My Command na Olusegun Obasanjo, wanda ya fito a 1980, amma a haɗa shi da littafin Alexander Madiebo, kwamandan sojojin Biyafara, domin kowane janar kansa yake wankewa idan ya ɗauki alƙalami. Ni ma ra'ayina ke nan.

Wani dattijo da mahaifinsa ya yi yaƙin Bama ya roƙi a nemo labarin sojojinmu da Turawan Ingila suka kai can, ko da kwafi ɗaya ne, a riƙa karɓa-karɓa.