Sawu, tabo ko alhaki: wace kalma za mu sa wa "footprint"?

Jama'a, masu fassara da ma'aikatan ƙungiyoyin agaji, ku matso kusa. Akwai kalmar da ta addabi duk wanda ya taɓa juya rahoton shekara na wata ƙungiya zuwa Hausa, wato footprint (a zahiri shatin da ƙafa ke bari a ƙasa), wadda ke fitowa a carbon footprint da water footprint, ma'ana awon iskar kabon da aiki ya saki da kuma ruwan da ya ci. Masu ba da tallafi yanzu sun wuce tambayar nawa aka kashe da mutum nawa aka taimaka. Suna so a faɗa musu man da aka ƙona, wutar da aka sha da ruwan da aka ɗiba. Shawarwari huɗu ne suka fi yawo tsakaninmu: tabo, nauyi, alhaki da sawu. Ni sawu nake goyon baya, amma bari mu bi su a hankali, don kowacce tana da hujjarta.

Mu fara da inda kalmar ta fito, domin ko a Turancin aro aka yi. A farkon shekarun 1990 William Rees da ɗalibinsa Mathis Wackernagel, a Jami'ar British Columbia da ke Kanada, suna lissafin yawan ƙasa da ruwan da ake buƙata don ciyar da rayuwar mutum ɗaya ko birni ɗaya. Sunan da suka fara sa wa lissafin dogon Turanci ne mai wuyar furtawa. Sai Rees ya ji wani mai gyaran kwamfuta yana yabon sabuwar kwamfuta cewa wurin da take ci a kan tebur kaɗan ne, ya kira wurin footprint. Nan ya tsinci kalmar, ya buga ta a 1992. Shekara 10 bayan haka, a 2002, Arjen Hoekstra ya ɗora ta a kan ruwa a ƙasar Holan. Kun ga ashe tun asali maganar awo ce: wuri nawa ka ci, nawa ka ɗiba. Duk kalmar da za mu zaɓa dole ta yarda a ɗora mata lamba.

Malam mai cewa tabo, Allah ya ƙara basira, na gane inda ka dosa. Iskar kabon tana daɗewa a sararin samaniya ɗaruruwan shekaru, tabo kuma ba ya gogewa, saboda haka ta wannan fuskar ya fi sawu dacewa. Matsalar ita ce abin da ake aunawa lissafin shekara ne, yana hawa yana sauka. Kwamitin Red Cross na duniya ya yi alkawarin rage abin da yake fitarwa da aƙalla rabi kafin 2030, idan aka gwada da na 2018. Likitoci Na-Gari Na-Kowa sun yi irin wannan alkawari, su kuma da na 2019 suke gwadawa. To ka gwada faɗa: "mun rage tabonmu da rabi." Kunne ba ya karɓa. Ga kuma ƙaramar masifa ta rubutu: yawancinmu ba ma sa ƙugiya a waya, don haka mai karanta "tabon ruwa" zai ɗauka taɓo ake nufi, ya fara tunanin laka.

Nauyi ta burge ni da farko, tunda kabon da kilo da tan ake auna shi, kuma kalmar tana ɗauke da ma'anar wajibi. Amma a bakin ma'aikatan agaji an riga an ba ta aiki. Rubuta "ƙungiyar ta ɗauki nauyin ruwa" ka ga ko akwai wanda ba zai fahimci cewa ita ta biya kuɗin haƙa rijiyar ba. Wannan kaɗai ya ishe ta faɗuwa.

Alhaki ce ta fi ba ni wahala, kuma Hajiya da ta kawo ta ba ta faɗi da wasa ba. Hujjarta ita ce duk wannan lissafi ba don ado ake yi ba, don a san wanda abin ke wuyansa ne, kuma Hausa ta riga ta ce alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi. Gaskiya ne, Hajiya. Sai dai alhaki yana zuwa da ƙanshin laifi, alhali ba duk ɗiban ruwa ne laifi ba. Ƙa'idojin Sphere, waɗanda ƙungiyoyin agaji ke aiki da su, sun sa lita 15 a rana ga kowane mutum a matsayin mafi ƙaranci, cibiyar jinyar kwalara kuma lita 60 ga kowane majinyaci. Ƙungiyar da ta buɗe irin wannan cibiya dole lissafin ruwanta ya yi tsalle a shekarar, janaretonta ya kwana yana ruri saboda firjin magani. Za mu ce alhakinta ya ƙaru? Ta ceci rayuka ne. Shawarata a bar wa alhaki gurbinsa: "alhakin muhalli" ya tsaya wa wajibin da ke kan ƙungiya, kalmar awo kuma ta zama daban. Ana auna abu tukuna, sannan a zauna a tantance wane ɓangare ne larura, wane ne almubazzaranci.

To, sawu. Wasu sun ce ai kwaikwayon Bature ne kai tsaye. Ban damu da wannan ba. Faransawa sun ce empreinte, wato shatin da abu ya bari, Larabawa suka ce basma, shatin yatsa. Kowa ya ɗauki abin da ya zauna a harshensa. Abin da nake dubawa shi ne ko kalma tana da dangi, wato ko ta zo da aikatau da karin maganar da za a ci gaba da zance da su. A nan sawu ta tsere wa sauran.

Muna da bin sawu. Aikin mai binciken muhalli kenan, ba ƙari ba ragi. Ya shiga ofis, ya karɓi rasit ɗin mai, ya buɗe littafin da direbobi ke rubuta tafiya, ya leƙa mitar wuta, ya ƙirga tikitin jirgi. Kowace litar dizal da aka ƙona tana sakin kimanin kilo 2.7 na iskar kabon, litar fetur kuma kimanin 2.3. (Wanda ya yi mamakin yadda litar da ba ta kai kilo ɗaya ba ke haifar da kusan kilo 3, amsar ita ce kabon da ke cikin man yana haɗuwa da iskar oksijin, nauyin ya ƙaru.) A ce ofis yana ƙona lita 20 a janareto kowace ranar aiki, kwana 250 a shekara. Lita 5,000 kenan, tan 13 da rabi. Wannan lamba ita ce sawun, kuma ko akanta zai iya fitar da ita daga takardun da ke cikin durowarsa.

Muna da girma da ƙanƙanta, tunda sawun giwa ya take na raƙumi. Wannan karin magana yana da amfani na musamman a nan, domin kamfanin mai na BP ne ya yayata carbon footprint a tallace-tallacensa wajen 2004 da 2005, har da manhajar da mutum zai auna nasa, kuma masu suka da yawa na ganin dabara ce ta juya hankalin jama'a daga manyan masu haƙo mai zuwa kan ɗaiɗaikun mutane. Da kalmar sawu, mai magana da Hausa ba ya buƙatar dogon bayani kafin ya gane cewa ƙaramar ƙungiya da kamfanin mai ba ɗaya suke ba. Amma kada wata ƙungiya ta fake da giwa ta ƙi duba nata.

Sannan muna da ɓad da sawu, kuma wannan ce ta gama gamsar da ni. Akwai wata kalmar da ita ma ke wahalar da mu, greenwashing, wadda Jay Westerveld ya ƙirƙira a 1986 yana sukar otal-otal masu roƙon baƙi su sake amfani da tawul wai don ceton muhalli, alhali kuɗin wanki suke tsimi. Na ga an fassara ta da "wankin kore", abin da ba ya nufin komai a Hausa. Ɓad-da-sawu kuwa ta faɗi maganar gaba ɗaya. Ƙungiya ta kafa faifan sola biyu a bakin ƙofa inda baƙi za su gani, ta ɗauki hoto ta sa a bangon rahoto, amma ba ta ce uffan ba game da jiragen da ma'aikatanta suka hau zuwa taruka. Me ta yi in ba ɓad da sawu ba? Kalma ɗaya ta ba mu awo, bincike da ha'inci.

Tsarin lissafin da aka fi bi a duniya, GHG Protocol, wanda ya fito a 2001, ya kasa abin gida uku. Ina ba da shawarar mu ce sawun gida ga abin da ƙungiya ta ƙona da kanta a mota da janareto, sawun wuta ga lantarkin da ta saya, sai sawun nesa ga duk sauran: kayan da ta saya, dakonsu, tafiye-tafiyen jirgi, shara. Ƙungiyoyin agaji da dama da suka yi lissafin sun tarar na nesan ne ya fi girma, shi ne kuma aka fi mantawa da shi.

Kabon ko hayaƙi? Gidajen rediyo sun saba da "hayaƙi mai gurɓata muhalli", kuma a magana ta baka ban ga laifinsa ba. A rahoto dai na fi son sawun kabon. Iskar kabon ba a ganinta, ba ta da wari. Gas ɗin da ke tsiyaya daga tsohuwar na'urar sanyaya ɗaki ko firji yana cikin lissafin, kuma ba hayaƙi ba ne. Idan muka ce hayaƙi, ofishin da ke shan wutar gwamnati zai rantse ba shi da sawu, tunda bai ga komai yana tashi ba.

Ɓangaren ruwa ya fi daɗi, ya kuma fi tarko. Hoekstra ya kasa shi da launi: kore, shuɗi da kuma launin toka. Kada mu bi shi can. Ruwan toka a Hausa sunan launi ne, kuma sunan ruwan da aka tace daga toka ne, don haka za mu ƙare da "ruwan ruwan toka", mai karatu ya yi ta dariya. Mu kira su da aikinsu. Na farko ruwan sama ne da ƙasa ta riƙe shuka ta sha, mu ce ruwan damshi. Na biyu wanda aka ɗebo daga kogi, tafki ko ƙarƙashin ƙasa, mu ce ruwan ɗiba. Na uku yawan ruwa mai tsabta da za a buƙata a sirka ƙazantar da aka zubar har ta daina cutarwa, mu ce ruwan sirki.

Ga inda abin ke cizo. Ƙungiyoyi na son buga riguna don taro. Rigar auduga ɗaya tana cin kimanin lita 2,500 daga gona zuwa masaƙa. Riguna 500 sun kama lita miliyan 1 da dubu 250, wanda a ma'aunin lita 15 zai ishi mutum 1,000 sama da kwana 80. Kada a yi saurin kama baki: wani kaso na ruwan nan damshi ne, kuma ba daga rijiyar waɗannan mutane aka ɗebe shi ba. Shi ya sa rabe-raben uku suke da amfani, lita a inda ruwa ya wadata ba daidai take da lita a inda ake ƙishi ba. Amma dai ƙungiyar da ke wa'azin tsimin ruwa ya kamata ta san adadin kafin ta ba da odar riguna. A cikin ofis kuwa, famfon da ke ɗiga sau ɗaya a daƙiƙa yana zubar da sama da lita 11,000 a shekara, ga shi gyaransa robar da ba ta kai girman zobe ba.

Akwai kuma inda rage sawu ɗaya ke faɗaɗa ɗaya. An cire injin dizal daga rijiyar burtsatse an sa sola, sawun kabon ya faɗi, kowa ya tafa. Amma a da tsadar mai ce ke sa a kashe injin. Yanzu da rana ke bayarwa kyauta, in ba a sa mita da abin da zai tsai da famfo idan tanki ya cika ba, sai a yi ta zuƙa har ruwan ƙasa ya ja baya, rijiyoyin maƙwabta su ƙafe. Da "sawun kabon" da "sawun ruwa" a jere a shafi ɗaya, mai karatu zai ga wannan da idonsa.

Ƙorafi biyu ne suka rage a kan sawu. Na farko, iska na share sawu, kabon kuwa yana nan. Haka ne, kuma Turancin ma yana da wannan rauni, ba a fasa amfani da shi ba. A rubuta shi da w dai, don sahu layi ne, kuma na sha ganin ana haɗa su.

Na biyun ya fi ƙarfi, wani ƙanena mai kula da motocin ƙungiya ne ya tayar da shi. Ya ce, "Yaya, mu a wajenmu in ka ce sawun ruwa, tanka muke ji. Sawu uku, sawu biyar." Yana da gaskiya, sawu na nufin zuwa da dawowa, kuma da shi ake biyan direban tanka. A takardar da za ta je hannun masu jigila, "sawun ruwa ya ragu" zai iya sa a ɗauka an rage wa sansani ruwa. Abin da nake gani shi ne a jingina kalmar ga mai ita a farkon ambato, a ce "sawun ƙungiya a ruwa" ko "sawunmu a ruwa", gajeren kuma ya biyo baya idan an riga an fahimta. Direbobi da masu kula da rumbun kaya, ku da kuke faɗin kalmar kullum, ku gwada wannan jimla a bakinku ku gaya mana ko ta zauna: "Sawunmu a ruwa ya ragu bana, amma sawun tanka bai ragu ba."