Kuɗin asibitin Baba bai yi daidai ba, in biya ko in tsaya a duba?

Baban Ihsan: Assalamu alaikum jama'a, shawara nake nema kafin la'asar. An kwantar da mahaifinmu a wani asibitin kuɗi a nan Kano ranar Asabar da daddare, hawan jini da suga. Mun ba da kafin alƙalami naira dubu 150. Yau Laraba likita ya ba da sallama, sai aka ce jimla dubu 412, mu cika sauran. Da ƙyar kashiya ta bari na ga lissafin dalla-dalla. Kuɗin gado kwana biyar suka rubuta, alhali huɗu muka yi. Ruwa leda 11, ni kuwa da nake jinyarsa shida na ƙirga. Har da hoton ƙirji, kuma ba a taɓa fita da Baba daga ɗakin ba. Yayanmu ya ce a biya a tafi, tunda likitan ya yi ƙoƙari kuma wurinsa za mu dawo. Ina kuma tsoron in na tsaya jayayya a ƙara mana kwana.

Ɗan Kurmi: Allah ya ba shi lafiya. Amma me ya kai ku asibitin kuɗi? Da na gwamnati kuka je da ko rabin haka ba ku kashe ba.

Anti Nas: Baban Ihsan, kada ka yi faɗa da kashiya, abin da aka shigar mata take karantawa. Nemi shugabar nas-nas ta ɗakin, a buɗe fayil ɗin Baba. Duk ledar da aka rataya da duk allurar da aka yi, ana rubuta lokaci a sa hannu. A jera wannan takarda da ta kuɗi. Hoto kuwa in an yi, a nuna maka sakamakonsa. Batun kwana, wasu wuraren in an wuce sha biyun rana sai su ƙirga sabon kwana, ka tambayi ƙa'idarsu.

Maman Sadiq: Ni dai ka tayar mini da tsohon miki. Shekara biyu ke nan da maigidana ya rasu, Allah ya jiƙansa. Kwana tara muka yi. Ƙannensa uku suka ba da jini a gabana, ɗaya har jiri ya kwashe shi sai da aka saya masa madara. Ya cika da asubar Juma'a. Aka ce ba za a ba mu gawa ba sai an biya, mutane na jira a ƙofar gida, an riga an haƙa kabari. Wa zai tsaya karanta takarda? Sarƙata da awarwaro aka kai kasuwa da safen nan. Sai da na fita takaba ina kakkaɓe jakar asibiti na ga rasit ɗin, leda uku ta jini an caje mu kamar saya muka yi, iskar oksijin kuma har ta ranar Asabar, yana kwance a makwancinsa. Na koma da takardar, aka ce wanda ya yi lissafin ya bar aiki. Sau huɗu ina zuwa. Har yau tana cikin akwatina.

Ummu Hanifa: Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙansa, Hajiya, ya raya abin da ya bari.

Anti Nas: Allah ya yi masa rahama. Ta oksijin ba ta da hujja. Amma jini, ko ɗan'uwa ne ya bayar, ana biyan kuɗin leda da gwaje-gwajen ƙanjamau, ciwon hanta da dacewar jini.

Maman Sadiq: An rubuta kuɗin gwaji daban, 'yar'uwa, na san abin da na gani. Ku dama ba kwa ganin laifin junanku.

Ɗan Kurmi: Nawa suka sa maka ledar ruwa? Watan jiya 1,200 na saya a Sabon Gari.

Ummu Hanifa: 1,200 a ina? Mu a Zariya 2,500 aka karɓa, ban da kuɗin sa wa.

Baban Ihsan: 4,000 suka rubuta kowace.

Na Goma: Leda 11 a dubu huɗu-huɗu? Ka duba da kyau, ko Zamzam suka ɗura wa Baba.

Malam Lauya: Na Goma, ba ranar wasa ba ce. Ɗan'uwa, neman bayani haƙƙinka ne. Tun 2018 aka ƙaddamar da kundin haƙƙin marasa lafiya a Abuja, kuma a ciki akwai cewa a fayyace wa mutum duk kuɗin da ake nema a wurinsa. In suka ƙi, hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, tana karɓar koke. Ka ɗauki hoton kowace takarda da wayarka kafin ka biya ko sisi.

Ɗan Kurmi: Malam, kai daga ofis kake magana. Kafin hukuma ta amsa, an caji Baba kwana goma. Wanda ya kwana a bencin asibiti shi ya san dawan garin.

Anti Nas: Ni da na shekara 16 a ɗakin marasa lafiya fa? Sau da yawa kuskure ne, a rubuta ruwa a karɓo daga kantin magani, likita ya canza shawara, ledar ta koma amma kuɗin bai fita ba.

Ummu Hanifa: To me ya sa kuskuren bai taɓa faɗawa ɓangarenmu ba? Mu masu inshora ma ba mu tsira ba. Ƙa'idar hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, NHIA, kashi 10 na kuɗin magani za ka biya, amma kullum sai a ce babu, je ka waje. Tun da kamfanin magunguna na GSK ya tattara kayansa daga Najeriya a 2023, maganinsa Augmentin ya gagari mutane, shi kuma suke rubuta wa yarana.

Na Goma: Albashi kuwa ana cira duk wata. Ni farasitamol kaɗai na taɓa samu da katina.

Baban Ihsan: Na samu shugabar nas-nas, ta ce sai likita ya fito daga tiyata za a buɗe fayil. Yaya yana bakin ƙofa da kuɗin a hannu, Baba ya sa hularsa yana tambaya ko mota ta zo.

Ummu Hanifa: Na Goma, wane asibiti ka zaɓa a katin? Ina so in canza nawa, ban san ta inda ake farawa ba.