Neman shawara: yarona ya fara kwaikwayon Tom da Jerry, in hana shi kallo ne?

Maman 'Yan Uku:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema a kan yarona ɗan shekara biyar. Ba ya cin abinci sai an kunna masa Tom da Jerry a waya, kuma abin ya fara wuce gona da iri. Rannan ya ɗauki muciya ya maka wa ƙaninsa a ka yana ƙyalƙyala dariya, wai shi ne Jerry. Kyanwar gidanmu kuwa ba ta da sakat, jiya har ƙofa ya so ya datse mata wutsiya da ita. Surukata ta ce katun ne ya ɓata shi, a hana shi kwata-kwata. Mahaifinsa ya ce duk mun kalla muna yara, ba abin da ya same mu. Bakin wa zan bi?

Baba Mai Majigi:
Wa alaikumus salam 'yata. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, tsofaffin katun ɗin nan ba don ƙananan yara aka yi su ba. Kamfanin MGM na Amurka ne ya yi su domin a haska a gidan silima kafin a sa babban fim, kowanne wajen minti bakwai, kuma yawancin masu zama a kujerun nan manya ne da suka biya kuɗin shiga. Na farko ya fito a 1940, sunansa Puss Gets the Boot, lokacin ma muzurun Jasper ake ce masa. William Hanna da Joseph Barbera sun yi guda 114 zuwa 1958, bakwai daga ciki sun ci lambar Oscar. Sai a 1965 tashar talabijin ta CBS a Amurka ta fara sa su da safiyar Asabar, kuma ko a lokacin sai da aka yanke wasu wurare. To kin ga guduma da nakiya da dutsen guga da ake kwaɗa wa Tom, an zana su ne don wanda ya riga ya san kai ba ya lotsewa ya koma daidai.

Malamar Firamare:
Baba ya taɓo inda gizo ke saƙar. Dukan da ake yi a katun ɗin bai fi damuna ba, abin da ke biyo bayansa ne matsalar. A katun ɗin an daki Tom ya baje kamar tabarma, kafin ƙiftawar ido ya miƙe garau, ba jini, ba kuka, ba asibiti. Ɗan shekara biyar bai gama raba wannan da zahiri ba, shi ya sa ya yi dariya, a tunaninsa ƙanin ma haka zai miƙe. Tun 1961 wani masanin halayyar ɗan Adam, Albert Bandura, ya nuna a jami'ar Stanford cewa yaran da suka ga babba yana jibgar 'yar tsana su ma jibgarta suka yi da aka bar su da ita. Kwaikwayo ɗabi'ar yaro ce, ba mugunta ba.

Maman yara, ni abin da ya fi ɗaga min hankali a bayaninki shi ne cin abinci da waya. Wannan ki fara raba shi da shi, ko zai yi kwana biyu yana bori. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro ɗan shekara biyu zuwa huɗu kada ya wuce awa ɗaya a gaban allo a rana, to ƙanin nan da ke zaune kusa da shi yana cikin wannan lissafi. Idan zai kalla ki zauna tare da shi, ki riƙa tambayarsa: da kai aka buga wa wannan, me zai faru?

Abban Gida:
Ni ina bayan maigida, da sharaɗi. Hanawa gaba ɗaya ba ta aiki, gidan maƙwabta zai je ya kalla. Kuma a yi adalci, aikin nan yana da kyau. Ku nemi The Cat Concerto na 1947 ku ga yadda aka daidaita yatsun Tom da kiɗan piyano, duk da hannu aka zana, hoto bayan hoto. Sai dai mu da muke cewa mun kalla, mun manta tashar talabijin ba ta buɗewa sai da yamma, a sa ɗaya ko biyu, a ɗauke wuta, mu fita ƙwallo. Yanzu waya ba ta ƙarewa. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Hajiya Kaka:
'Yar nan, maganar kyanwar ce ta tsaya min a rai. Ki zaunar da shi ki ba shi labarin matar da hadisi ya ce ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba, ba ta sake ta ta nemi abinci ba. Sannan ki ɗora masa nauyin zuba mata abinci kullum. Surukarki kuma kada ki yi musu da ita, ki ce mata an ji, an rage.

Mai Shagon Hatsi:
Ni dai tun ina yaro Tom nake tausayawa. Aikinsa yake yi, ɓarawon kuma aka mayar jarumi. Duk wanda ɓera ya huda wa buhun masara ya san abin da nake faɗa.

Maman 'Yan Uku:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, tunda ka san su haka, akwai waɗanda ya kamata in kauce wa? Ni duk ɗaya nake ganinsu.

Baba Mai Majigi:
Ba ɗaya ba ne ko kusa. Blue Cat Blues na 1956 ki cire shi, domin ya ƙare ne da su biyun zaune a kan layin dogo cikin baƙin cikin soyayya, ana jin ƙarar jirgi na tahowa. Haka The Two Mouseketeers na 1952, wanda a ƙarshensa aka nuna injin fille kai ya sauko, alamar an kashe Tom. Heavenly Puss na 1949 kuma yana ɗauke da zanen lahira irin nasu, da jirgin zuwa aljanna da kare a siffar shaiɗan, har da 'ya'yan kyanwa da aka jefa ruwa cikin buhu. Wannan zai jawo miki tambayoyin da ba ki shirya amsawa ba. A Texas Tom na 1950 Tom ya naɗa taba ya zuƙa don ya burge mace, kuma a 2006 tashar Boomerang ta amince ta yanke irin wannan a Birtaniya bayan an yi ƙorafi.

Akwai kuma guda 13 da Gene Deitch ya yi a birnin Prague a 1961 da 1962. A wasunsu ubangidan Tom mutum ne mai zafin rai da ke azabtar da shi, abin ya fi kama da zalunci a kan wasa. Sannan matar nan baƙar fata mai tsintsiya da ba a cika nuna fuskarta ba, an zana ta ne bisa kallon raini da ake yi wa baƙaƙe a Amurka a wancan zamani, har Amazon ta sa gargaɗi a kai a 2014.

Idan mai sauƙi kike so, nemi na 1975, wanda Hanna da Barbera suka yi wa talabijin. A nan abokai ne, saboda tashoshi sun tsaurara a kan nuna duka a shirye-shiryen yara. Ba shi da armashi kamar na da, wataƙila ma ya ce miki ba shi ba ne.

Malamar Firamare:
Ƙari kaɗan: ki sauke waɗanda kika tace a wayar, ki kashe data kafin ki miƙa masa. A YouTube akwai na bogi da ake haɗawa da hoton Tom da Jerry, kuma da ɗaya ya ƙare wani zai shigo da kansa ba tare da kin gani ba. Idan ya sake ɗaga muciya, ranar babu kallo, ki kuma faɗa wa mahaifinsa tun yanzu don kada ya dawo daga aiki ya kunna masa.