Taƙaitawar shawarwari kan wurin wasan yara a tsakar gida

Ga abin da na tattara daga bakin iyayen Yamai.

1. Kowa ya yarda a fara da inuwa, domin zafin Afrilu yakan wuce digiri 40. Gindin bedi ko rumfar zana ya wadatar.
2. Tsofaffin tayoyi daga kasuwar Katako suna da araha, amma lalle a huda su, don kada ruwan damina ya kwanta ciki sauro ya hayayyafa. Wannan ne ya fi damuna.
3. An rabu kan yashi: wasu sun ce yana rage zafin faɗuwa, wasu kuwa suna tsoron kunama da kashin kyanwa, sai dai a riƙa rufe shi da dare.
4. Lilon ƙarfe yana ƙona hannu da rana, shi ya sa mafi yawa suka zaɓi igiya mai kauri.